Turaren Ƙarshe na Hajja Kaka

Yayana Alhaji Kaumi shi ne mutum na farko a Babura da na gani da takunkumi biyu a fuska, ɗaya bisa ɗaya. Tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati yake neman abin da zai riƙe a dinga ce masa ranka ya daɗe, sai ga korona ta zo masa kamar an aiko masa da ita. Shi ya tara 'yan unguwa ya kafa kwamitin wayar da kai, shi ya naɗa kansa shugaba, shi ya sayi lasifikar hannu. Ranar kasuwa tun da hantsi za ka ji muryarsa daga bakin tasha har wurin masu awaki: duk wanda ya ga baƙo ya tsallako daga Nijar ta daji ya kawo rahoto, wai ɓoye baƙo cin amanar jama'a ne.

Da idona na ga ya tsare wata tsohuwa mai kawo cuku daga tsallake. Matar nan tun ina yarinya take cin kasuwar nan, 'yarta ma a bayan layinmu take aure. Ya sa ta juya da kayanta a ka, ko ruwa ba ta sha ba. Da ya dawo gida har labarin yake ba mu yana gyara hula. Tir.

Ni ce Zulaikha, ƙanwarsa. Tun da mijina ya rasu na dawo gida ina kula da mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Hajja Kaka, har mu da ta haifa. Iyayenta daga Barno suka zo, kuma abin da ta gada a wurinsu shi ne haɗa turaren wuta. Kajiji, farce, sandal, madarar turare, ita ta san yadda take auna su, ba ta taɓa koya wa kowa duka ba. Hancinta kuwa sai dai a ce masha Allah. Tana kwance a ɗaki za ta aiko a ce wa mai girki tuwo ya kama, alhali ita mai girkin tana zaune a gaban tukunya ba ta ji ƙauri ba. Ta tsufa, tana da ciwon suga, ƙirjinta ma ba ya son sanyi. Ɗakinta yana can ƙarshen gida, bayan madafi, kusa da ƙaramar ƙofar da muke fitar da awaki. Namiji ba ya shiga wurin. Shi kansa Yaya sai ya yi sallama ya tsaya a jira shi.

Sai kuma ɗan Yaya na fari, Sharfuddeen. Ƙato ne mai gemu, ya haura talatin, amma ko shayi zai sha sai ya ɗauki hoto. Abaya da takalman mata yake sarowa daga Turkiyya. Gab da Babbar Sallah ta shekarar, yana can, gwamnati ta riga ta ce duk wanda ya fito daga wasu ƙasashe, har da Turkiyya, sai an killace shi a otal an yi masa gwaji kafin ya shiga cikin mutane. Gogan naka ya ga idan ya zauna a otal kasuwar Sallah za ta wuce shi. Sai ya yi dabara irin ta masu ganin sun fi kowa wayo. Ya sauka a Yamai, ya hau mota zuwa Damagaram, daga Magarya ya hau babur ya ratso ta gonaki, ta hanyar da ubansa ke kururuwa a kanta kullum.

Ranar Juma'a ya iso, maza duk suna masallaci. Ina shanya a bayan gida na ga mutum ya turo ƙofar awaki, ya naɗe fuska da rawani kamar Buzu. Saura kaɗan in kwaɗa masa muciya.

"Gwaggo, ni ne," ya ce, ya yi wani ɗan tari.

"Kai ne wa? Wannan tarin fa?"

"Sanyin jirgi ne."

Da Yaya ya dawo daga masallaci ya gan shi, ko sannu da zuwa bai yi masa ba. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya gan shi. Ya shiga zagaye tsakar gida yana lissafin ɗakuna. Shagon samari yana jikin zaure, duk mai wucewa zai leƙa. Sashen matarsa kullum cike yake da maƙwabta masu aron turmi da rariya. Na ce a ba shi ɗakina, ni in koma wurin Hajja. Ya ce tagar ɗakina lungu take kallo, kuma masu sayen ƙuli a wurina ba su da kamun baki. Can ya tsaya, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abu.

"Ɗakin Hajja," ya ce.

"Yaya, killacewa fa aka ce."

"To me nake yi? Akwai inda ya fi can killatuwa a gidan nan? Wa zai shiga?"

"Hajja tana ciki."

"Hajja ai ta gida ce."

Wallahi haka ya faɗa, da takunkumansa biyu a fuska. Mutumin da ya shekara yana ihu a kasuwa, ashe a tunaninsa cutar ta baƙi ce, tana ganin ɗan gida za ta yi sallama ta wuce. Na ce masa tsohuwar nan ko mura ta kama ta sai ta yi mako tana fama. Ya ce yaro lafiyarsa ƙalau, 'yan kwanaki ne kawai, kafin a shirya masa shigowa ta ƙofar gaba kamar kowa. Ya ce in daina ɗaga murya.

Ita kuwa Hajja, da labari ya kai mata, murna kamar an ba ta kujerar Makka. Wasan jika da kaka ne tsakaninsu tun yana rarrafe, mijinta take ce masa.

"A kawo mini maigidana," ta ce daga ɗaki. "Ya tafi yawon duniya ya bar ni ba cefane. Yau sai ya yi bayani."

Na shiga na durƙusa na ce, "Hajja, daga ƙasar da ake cutar ya fito. Ki ce a'a."

"Ke Zulai, jikan nawa zan kora? In ce masa me?"

Haka aka shimfiɗa masa katifa a gefen gadonta. Ɗaki ne mai taga ɗaya, ita ma Yaya ya sa aka rufe ta da buhu kada a ji muryar namiji. Duk lokacin da na shiga da abinci sai in same su kai da kai yana nuna mata hotuna a waya, ga shi a bakin teku, ga shi a gaban wani masallaci ya riƙe ƙugu. Kwano ɗaya suke ci. Ludayi ɗaya suke shan fura. Na kawo kwano biyu, Hajja ta ce yaushe aka fara raba miji da mata kwano. Na kawo masa takunkumi, ya rataye shi a ƙusa.

Ba a jima ba ya fara yi mini tsirfa a kan abinci.

"Gwaggo, ba a sa daddawa a miyar nan ba ne?"

Miyar da tun daga zaure ake jin daddawarta. Na ce in bai so ya aika Turkiyya a kawo masa. Da yamma Hajja ta sa na kawo garwashi a kasko, ta barbaɗa turarenta don ta faranta masa. Ɗaki ya ɗauki ƙamshi. Shi kuwa ya kalli hayaƙin ya yi dariya.

"Tsohuwa, hayaƙi kawai kike tara mana. Turarenki ya tsufa kamar ke."

Ta yi masa daƙuwa tana dariya, amma na san maganar ta shige ta. A duniya ba a taɓa ce wa turarenta ba ya ƙamshi ba. Washegari ta ce in fito mata da kayan haɗi, za ta yi wa mijinta sabo wanda zai rufe masa baki. Sai da ta ɗauki kwanaki tana jiƙa wannan tana shanya wancan, jikinta ma ba daɗi, tana cewa ciwon gaɓɓai ne. Ranar da za a haɗa, na kafa mata murhu a ƙofar ɗaki, tana zuba madarar turare ina juyawa. Ta zuba iyakar yadda ta saba. Ta kai hanci ta shinshina, ta ƙara. Ta sake shinshinawa, ta ƙara. Ni idona har ruwa yake.

"Zulai, an cuce mu. Wannan madarar jabu ce."

"Hajja, har tsakar gida ake ji."

Ta dube ni, ta ɗebo a tafin hannu ta kai har ya taɓa hancinta. Ta daɗe a haka. Sai ta juye sauran kwalbar gaba ɗaya a tukunya. Na sha ji a rediyo cewa da ɗaukewar jin ƙamshi cutar take farawa. Shi kansa Yaya yana faɗar hakan a lasifikarsa.

Al'adar Hajja ce duk haɗin da ta yi sai ta fara aika wa Inna Amarya, aminiyarta tun suna amare a unguwa ɗaya, wadda sunan amarcin ya bi ta har furfura. Na ƙulla mata kaɗan na miƙa mata daga bakin ƙofa. Ta buɗe, ta kawar da kai.

"Kai, wannan karon hannun Hajja ya yi nauyi. Lafiya take kuwa?"

Na ce da sauƙi. Ta ce za ta leƙo, kuma ta zo ɗin da sandarta, Yaya ya tare ta a zaure ya ce doka ta hana ziyarar tsofaffi. A nan kam ya tuna da doka.

Da wannan haɗin Hajja ta turara wa Sharfuddeen farar shaddarsa ta Sallah. Ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kan kasko ta lulluɓa rigar, turare ya cinye ta ƙara, ya cinye ta ƙara, tana tambayata ko ya kama. Na ce ya kama, Hajja. Ba ta yarda ba, ta sake juya rigar.

Daga nan zazzaɓi ya kwantar da ita. Shi gogan tarinsa ya wuce, yana kwance yana ciniki a waya, ita kuwa numfashi sai ta yi kamar mai hawan tudu. Na sami Yaya a turakarsa na ce a kai ta asibiti Kazaure, ko a kira masu gwaji su zo.

"Su zo su tambayi wa ya shigo gidan?" ya ce. "Su rufe mana ƙofa, a sa mu a rediyo? Ni? Kin san abin da mutanen garin nan za su ce?"

"Uwarka ce fa, Yaya."

"Zazzaɓin damina ne. Kowa yana yi."

Ya aika aka sayo maganin sauro a kemis, ya haɗa da tazargade. A zaman nan ne ya ɗauko kwalbar turaren da ɗansa ya kawo masa tsaraba, ya fesa har sau nawa, ya ce yaron nan an sayar masa da ruwa. Ni kuwa ina gefe ina atishawa. Na ce a raina, to, kai ma cutar ta yi maka sallama. Duk da haka ranar kasuwa ya saɓi lasifika ya fita.

Ban zauna ba. Na kira Sama'ilu mai mota na ce ya zo ya ɗauke mu. Ya zo har ƙofar gida, Yaya ya fita ya ce masa Hajja ta samu sauƙi, Zulaikha ce da gaggawa irin ta mata. Ina jin tashin motar daga bayan gida. Na fito na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba, kuma har yau ban ga wadda zan janye ba.

Sai da leɓen Hajja ya canja launi, wata safiya, sannan ya yarda. Amma ko a nan da sharaɗi. Ba ta iya tashi, dole maza su shigo su ɗauke ta, kuma maza ba za su shigo ba sai an fitar da Sharfuddeen. Ta ina? Damina ce, mutane na ta wucewa gona ta bayan gida. Uba da ɗa suka zauna shawara, uwata tana jan numfashi a gefensu. Daga ƙarshe aka kwance ɗaurin hajar Sharfuddeen, aka zaro abaya baƙa mafi girma da niƙabi. Ƙaton banza ya zura, yana tambayar ko takalminsa na nunawa. Ya cusa kayansa a jaka, ya ce in miƙo masa farar shaddar nan, ita kaɗai ce mai guga. Na miƙa masa. Aka jira hanya ta yi sauƙi, ba ta yi ba sai bayan azahar. Sannan ya fice ta ƙofar awaki yana taku irin na mata, ya nufi Kano wurin abokinsa. Ko juyowa bai yi ya dubi gadon ba.

La'asar ta yi kafin mu bar Babura. An yi yayyafi, ƙasa ta jiƙe, gero ya yi kore shar a gefen titi. Kan Hajja yana kan cinyata a kujerar baya. Ta buɗe ido ta ga ɗigon ruwa a gilashi.

"An yi ruwa, Zulai?"

"An yi, Hajja."

"Ban ji ƙamshin ƙasa ba."

Sannan ta tambaya ko maigidanta ya ci abinci. Na ce ya ci. Ba mu kai Kazaure ba. Sama'ilu ya gangara gefen hanya ya kashe mota, ya yi salati, muka juyo.

Yaya ya gaya wa duniya tsufa ne da zazzaɓin damina. Ya kafa bokiti mai famfo a ƙofar gida, da sabulu, ya tsaya a kai da kansa yana nuna wa masu gaisuwa yadda ake cuɗa tsakanin yatsu. Mutane na ta yaba masa, wai ko rasuwa ba ta sa ya yi sakaci ba. Ni ina ciki tare da mata a kan tabarma, na ɗaure fuskata da gyale, na ce mura nake yi kada a matso ni. Baƙin ciki ya cika mini ciki har ba na iya kuka.

Ranar sadakar uku, da hantsi, ana tsakiyar addu'a, mota ta tsaya a ƙofar gida. Sharfuddeen ya fito da akwatuna, da takardun jirgi a maƙale a hannayensu don kowa ya gani, da takunkumi sabo fil. Daga ciki muna jin Yaya yana bayani da ƙarfi, muryar nan tasa ta kasuwa.

"Yana killace a Abuja labari ya same shi. Ya yi ta kuka a waya, na ce a'a, ko rasuwar kakarka ce ba za ka karya doka ba. Sai ka cika kwanakinka."

Maza suka yi ta cewa Allah ya yi albarka, haka ake son shugaba.

Aka shigo da shi cikin gida ya karɓi gaisuwar mata. Tun yana soro na biyu na ji shi. Farar shaddar ce a jikinsa, kuma ƙamshin ya riga shi shigowa, mai nauyi, mai hawa kai, haɗin da aka juye wa kwalba guda. Duk hanyar Kano da dawowa bai sake ta ba. Shi bai sani ba. Ubansa da ya rungume shi a waje bai sani ba. Na gyara zama.

Ya durƙusa a tsakiyar tabarma yana matsar ido. Mata suka fara, Allah sarki, mijin Hajja, ba rabon su gana, kullum zancensa take. Yana cewa wallahi da ya sani da ya baro kayan ya taho. Amma na ga wasu sun fara ɗaga hanci suna duban juna. Duk matar da ta yi aure a unguwar nan da turaren Hajja aka kai ta.

Inna Amarya tana kusa da bango. Ta ce, "Matso nan, yaro." Ya matsa a kan gwiwoyinsa. Ta kamo hannun rigarsa ta kai hanci, ta lumshe ido. Ta daɗe ba ta saki ba.

"Wannan haɗin ƙarshe ne," ta ce. "Wanda hannunta ya yi nauyi. Nawa yana nan a ƙulle, ko mako biyu bai yi ba." Ta buɗe ido ta dube shi. "Ashe kun gana."

Sharfuddeen ya ɗaga hannun rigar ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya juyo ya dube ni kamar ni zan gaya masa abin da ake ji.

"Sun gana, Inna," na ce. "Kwano ɗaya suka ci. Ita ta turara masa da hannunta, tana tambayata ko ya kama, don ita ma ta daina ji."

Inna Amarya ta saki rigar. Ta ja mayafinta ta rufe hanci da baki, ta lalubi sandarta. Na kusa da shi suka fara ja da baya, wata ta suri ɗanta ta saɓa. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suna neman takalmansu, ba wadda ta yi masa sallama. Aka bar shi durƙushe a tsakiyar tabarma cikin farar rigarsa.

Na tashi na nufi ɗakin Hajja, na yaye buhun da aka toshe tagar da shi. Kaskonta yana nan a gindin gado, da kabbasa a kife. A nan kukan ya zo mini. Daga ƙofar gida ana jin muryar Yaya yana ce wa sababbin masu gaisuwa su wanke hannu kafin su shigo, kada su kawo mana cuta gida.